Daure da Ɗaure

Danwarai, Litinin 28 ga Afrilu

Yaya Lukman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin. Mu nan kalau muke, sai zafi. Inna ta ji sauƙin ƙafar har tana zuwa rijiya da kanta, 'yata Humaira kuma ta shiga izu na goma. Yaya kunnen? Da kana ji a waya da ban wahalar da Malam Yalwa direba ba. Amma tunda injin yankan itace ya cinye maka kunne, dajinku kuma ba sabis, dole takarda ta bi buhunan albasa zuwa Ibadan kamar kullum.

Ga abin da ya hana ni zama. Ranar Alhamis da la'asar aka yi wata iska da ba ruwa a cikinta ko ɗigo. Ka tuna babban maɗacin nan na farfajiyar Islamiyya? Ya tsage daga inda ya yi rassa biyu. Reshen yamma, wanda mutum biyu ba za su rungume shi ba, bai faɗi ba kuma bai tsaya ba. Yana nan a rataye bisa kwanon ajin 'yan mata, ajin su Humaira, in iska ta taɓa shi sai ka ji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Malam Abdulrahman, shugaban makarantar, ya kwashe yaran ya mai da su rumfar zana, rana na cin su.

Tun daga ranar idon gari yake kan gidanmu. Kai ma ka san duk ƙasar nan, daga Jega har Maiyama, in itace ya gagara maigidana ake kira. Ka kuma san tun da ya faɗo a Maiyama shekara biyu da suka wuce bai sake ɗora ƙafa kan itace ba. Ƙafar ta warke sarai, yana noman albasarsa kamar kowa. Zuciyar ce ba ta warke ba. Gatarinsa na ƙarƙashin gado, ni nake share masa ƙura. Malam Abdulrahman ya zo har zaure sau biyu, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi lokaci.

Yaya, ba wanda yake jin maganarsa a kan itace kamar kai, ko da yake shi ya koya maka hawa. Kullum yana cewa kai ka je inda ake yin aikin da ilimi. Ka faɗa mini, ya hau ko kada ya hau? Ni na rasa abin da nake so. In na kalli ajin sai in so ya hau, in na tuna yadda aka kawo mini shi a bayan mota daga Maiyama sai in ce kada ya hau.

In za ka ba da amsa, don Allah ka sa wa haruffanka ƙugiya. Bara ka rubuto wai ka taka kaya, muka yi ta tambayar kayan wa ka taka, ashe ƙaya ce ta shige maka ƙafa. Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Gudiya

*

Ibadan, Juma'a 2 ga Mayu

Gudiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki yau da na fito gari sallar Juma'a, ina zaune a rumfar 'yan albasa nake ba ki amsa. Lafiyata lau. Kunnen dama ya tafi ke nan, na hagu yana ɗan taɓukawa in mutum ya matso. Ki gai da Inna, ki ce ta rage zuwa rijiyar nan. Ki duba da kyau, kowane harafi na sa masa ƙugiyarsa, malama.

Maganar maɗaci ba ta kalma ɗaya ba ce, kada ki matsa mini. Abu na farko, kada kowa ya hau tukuna, kada kuma kowa ya zauna ƙarƙashinsa, ko akuya a kore ta. Reshen da ya tsage bai faɗi ba ya fi kowane reshe mugunta, don ba ka san inda nauyinsa ya kwanta ba. Kana cikin saransa sai gindinsa ya yi harbi kamar jaki, ya girgiza uwar itacen da kai a kai.

Maigidanki Yaya Attahiru ya koya mini komai a kan tsamiyar bayan gidan Baffa, yadda ake karanta ɓawo da tafin ƙafa, da yadda ake jin ruɓaɓɓen reshe tun kafin a taka shi. Har yau a cikin mu goma sha biyu da ke aiki a dajin nan ba wanda ya kai shi ido. Abu ɗaya ne bai koya mini ba, don shi ma ba a koya masa ba, wato igiya. A nan ba mai barin ƙasa sai ya sa ɗamara. Ba irin ta 'yan kokawa ba, wata ce mai kauri da ke kama ƙugu ta zagaye cinyoyi biyu, yadda in ka zame sai ka tsinci kanka zaune a iska. Igiya kuma biyu ce, ɗaya ta mutum, ɗaya ta reshe, ba a haɗa su. Ta reshen ana ratsa ta a wata mararraba ta sama, mutane a ƙasa su riƙe, in an yanke su sauke shi a hankali kamar guga. Tsakanin ɗamara da igiya akwai ƙugiyar ƙarfe mai makulli, sai ka murɗa ta ta kulle kafin ka ba ta nauyinka. Abokaina da kunne suke jin ta kulle, ni da yatsa nake dubawa. Kuma ba a ɗaura igiya tsurarta a ƙugu, don in mutum ya faɗo takan zame ta hau haƙarƙari.

Da yana da waɗannan a Maiyama, da abin da ya same shi bai wuce tsorata ba. Shekara biyu ke nan ina tunanin wannan, ban yi komai a kai ba, kuma yana damuna.

Kada ki ce masa ya hau. Ki ce ni na roƙe shi ya je ya duba mini itacen daga ƙasa. Akwai kogo a jikinsa? Akwai zuma? Wayar wuta ta bi kusa? Reshen gabas da ya rage lafiyayye ne, zai ɗauki nauyin mutum? Wane gefe ne fili? In na ji amsa zan san abin da zan ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ki bi shi a hankali. Na san bakinki.

Yayanki,
Lukman

*

Danwarai, Talata 6 ga Mayu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Inna ta ce rijiyar ba taka ba ce. Ƙugiyoyi sun fito tsaf, madalla, ashe kana iyawa in ka zauna.

Dabararka ta ci. Da na ce kai ka roƙa, bai yi musu ba. Jiya da safe ya ciro gatarin, ya goge shi da kansa, ya tafi. Na bi shi daga nesa kamar mai zuwa wurin Humaira. Ya zagaya maɗacin sau uku yana buga shi da ƙeyar gatari, yana kara kunne. Ya daɗe da kai sama har hularsa ta faɗi bai sani ba. Da ya dawo ya ce in rubuta: “Babu kogo, icce na lahiya lau. Zuma ta tashi tun bara. Waya na nesa. Reshen gabas ko raƙumi shi ka ɗauka. Hili na ga arewa.” Yaya, rabon da in ji muryarsa haka tun kafin Maiyama. Amma da na ce to yanzu fa, sai ya mai da gatarin ƙarƙashin gado ya fita gona.

Ga wata kuma. Wani mai injin yankan itace ya zo daga Jega a kan babur, ya ce shi ba ya hawa, daga gindi zai kayar da itacen gaba ɗaya. Aka tambaye shi ajin fa, ya ce aji ana sake ginawa. Dattawa sun ƙi, sun ce kakanninsu suka dasa shi, a inuwarsa duk garin nan ya yi karatu. Amma Malam Abdulrahman ya ce in ruwa ya sauka ba a yi komai ba, ba shi da zaɓi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin mata. Shekaranjiya a rijiya wata ta ce da ni, a gaban kowa: “Gudiya, ara min gatarin maigidanki in hwasa iccen girki, tunda ba shi da aiki.” Aka yi dariya. Na dawo gida da tulu rabi, na zauna na yi kuka don haushi.

Ga amsoshinka na ba ka. Saura taka.

Gudiya

*

Danwarai, Talata 13 ga Mayu

Yaya Lukman,

Ina gaisuwa. Lafiya dai? Malam Yalwa ya dawo hannu wofi, ya ce ba ka fito ba ranar Juma'a, ya bar takardata wurin mai rumfa. Tun jiya nake saƙe-saƙe. Ko ciwo ne, ko kai ma ka faɗo ana ɓoye mana? Ban gaya wa Inna ba, na ce mata aiki ne ya yi maka yawa.

Hadari ya haɗu sau biyu a makon nan ya watse. Duk sa'ad da gabas ta yi baƙi sai in ga maigidan ya tsaya a ƙofar gida yana kallon wajen makaranta. Tsagar ta ƙara buɗewa, yanzu yaro zai iya shiga ciki. Ranar Lahadi wani ƙaramin reshe ya ɓalle ya huda kwano. Humaira ta tambaye ni wai gaskiya ne babanta tsoro yake ji, haka 'yan ajinsu ke faɗi. Na ce ta rufe mini baki, daga baya kuma na ji kunyar kaina.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In fara tankaɗe in bari, in ɗauko ɗinki in ajiye. Jiya na kasa riƙe bakina, na ce masa ya daure mana, kowa ma da tsoro yake aiki. Ya kalle ni kawai ya ce: “Bari mu ji mi Lukman ka cewa.” Ka gani, kai yake jira, ni kuma kai nake jira, mai inji kuma ruwa yake jira. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Gudiya

*

Ibadan, Juma'a 16 ga Mayu

Gudiya, sallama. Lafiyata lau, ruwa ne ya bata hanyar daji wancan mako, ku yi hakuri. Yanzu na karanta takardunki biyu a tsaye, motar Yalwa ta riga ta tashi, a jikin kofarta nake rubutu. Amsoshinsa sun yi kyau. Ki gaya wa Yaya Attahiru ya daure ya hau. Buhu ya yi gaba tun safe a motar Nazir direba, komai na ciki. Gai da Inna.

Lukman

*

Danwarai, Talata 20 ga Mayu

Yaya,

Alhamdu lillahi da kana lafiya, har na ji kamar an sauke mini dutse. Mu ma lafiya. Takardarka ta iso jiya da azahar, gajera kamar wutsiyar akuya, amma abin da muke nema na ciki.

Na same shi a zaure yana gyaran fartanya. Ya ce: “Mi yac ce?” Na ce: “Yac ce ka daure ka hau.” Ya ajiye fartanyar ya ce in sake karantawa. Na sake. Sai ya karɓi takardar, shi da bai san boko ba, ya ƙura mata ido kamar zai ga fuskarka a ciki. Ya tambaye ni wane buhu ne, na ce tsaraba ce mana, garin kwaki da goro irin na kullum. Ya miƙo mini takardar, sannan ya ce: “To. Asabar.”

Malam Abdulrahman ya tafi Birnin Kebbi sai Juma'a zai dawo, shi ya sa aka sa Asabar da safe. Za a tashi yara ranar, an kuma nemi maza shida su tsaya a ƙasa. Tun jiya yake wasa gatari, ya aro zarto wurin kafinta. Ba ya cin abinci sosai, amma ya yi wasa da Humaira har da goya ta, abin da ya daɗe bai yi ba. Yau da na je rijiya na tabbatar wadda ta nemi aron gatari ta ji cewa gatarin ya samu aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗan yi mamaki, bayan duk dogon karatun da ka yi mana a kan igiya. Amma na ce ai kai ka san aikin, tunda ka ji itacen lafiyayye ne ka ga ba sai da ita ba. Ni dai na gode, ka ba shi abin da na kasa ba shi.

Buhun bai iso ba, ba a ga motar Nazir a Aliero ba tukuna. Ba komai, goro ba ya gudu. Wayar gidan ma ta mutu, tun iskar nan ba a kawo wuta ba, zan ba da ita a kai caji Aliero. Ka sa mu a addu'a ranar Asabar.

Ƙanwarka,
Gudiya

*

Ibadan, Juma'a 23 ga Mayu

Gudiya,

Sallama. Na san takardar nan ba za ta iso ba sai Litinin, Asabar kuwa gobe ce. Ina rubutawa ne don na kasa zama haka kawai.

Ɗaure na ce. Ya ɗaure, da igiya, sannan ya hau. Ki dubi harafin nan, na sa masa ƙugiya har biro ya huda takarda. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya faɗo daga maɗaci ya daure ya hau wani hannu wofi? Ba goro a buhun nan. Ɗamarata ce ta biyu, wadda shugaban aikinmu ya duba ɗinki ɗinki ya ce lafiyarta lau, da igiya biyu, da ƙugiya uku masu makulli, da hular kwano, da zarton hannu, da shafi huɗu da na zauna a daji na rubuta, har da zanen kowane ƙulli. Yanzu Yalwa ke gaya mini motar Nazir ta lalace a Mokwa, kwana shida tana can.

Na ari waya na tura miki saƙo: ba daure na ce ba, ɗaure na ce. Sai da ya tafi na duba na ga abin da wayar ta rubuta, “ba daure nace ba daure nace”, don ita ma ba ta da ƙugiya. Na sake tura wani, na ce da igiya, kada ya hau sai buhu ya zo. Yalwa ya kira lambarku sau goma sha ɗaya, a kashe. Ya kira ƙanensa a tashar Aliero, ya ce ana ruwa a can kamar da bakin ƙwarya, amma ya yi alkawari gari na wayewa zai tura ɗan kabukabu a babur zuwa Danwarai. Na sa Yalwa ya maimaita masa kalmar sau uku, ina kallon bakinsa.

Shekara tara ina duba ƙugiyar kowa da yatsana kafin ya bar ƙasa, ban taɓa barin ko ɗaya a buɗe ba. Ke ma kin gargaɗe ni. Da wani abu zai same shi, ban san da wace fuska zan shigo Danwarai ba. Ba zan koma daji ba, ina nan rumfar har in ji daga gare ki.

Lukman

*

Jega, Laraba 28 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Yana da rai. Na fara da wannan don na san ba za ka iya karanta gaisuwa ba sai ka gani. Na sa an kira mai rumfar 'yan albasa tun ran Lahadi, ina fata ya matso kunnenka na hagu ya gaya maka. Yanzu kuma ina gaishe ka. Inna da Humaira lafiya, suna gida. Ni ina asibiti a Jega tare da shi, haƙarƙari biyu ne suka tsage, ga kuma ƙujewa a ciki da baya. Likita ya ce mako shida.

Ranar Asabar ƙasa a jiƙe take, itacen ma haka. Ya fita tun da sassafe bai jira ni ba. Da na isa har ya kai mararrabar, gari ya taru a nesa. Ya fara da zarto, ya rage ƙananan rassa ɗaya bayan ɗaya, kamar bai taɓa barin aikin ba. Ina tsaye ina jin daɗi, ina satar kallon matan rijiya. Ya koma kan babban reshen da gatari ke nan sai ga ɗan kabukabu, laka har gwiwa, yana tambayar wace ce Gudiya. Ya ce: “Daga Ibadan anka ce, wai shi ɗaure. Shi ɗaure, kar shi hau sai kaya sun zo.”

Yaya, a bakin mutum kalmar ba ta ɓuya. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na tuna ba a kiran wanda ke sama da gatari a hannu. Na toshe bakina da mayafi na ɗaga kai. A nan na ga abin da ban lura da shi ba tun zuwana. Akwai igiya a ƙugunsa, ya zagaya ta a reshen gabas. Igiyar guganmu ce, wadda na nema da asuba na rasa har na zargi maƙwabta.

Abin da ka faɗa shi ya faru. Reshen bai jira a gama saransa ba, ya yage da ƙara, gindinsa ya yi harbi, itacen duka ya girgiza. Ƙafarsa ta zame a jiƙaƙƙen ɓawo. Na gan shi ya taho, sai igiyar ta fizge shi, ta zame daga ƙugu ta hau ƙirji. Yana lilo a sama, ba ya iya ko numfashi sosai, har aka haɗa tsani biyu aka sauko da shi. Reshen ya kwashe kusurwar kwano ya faɗi arewa, inda ya ce fili yake. Ba wanda ya ji ciwo sai shi.

Jiya da ya samu bakin magana na tambaye shi igiyar. Ya ce: “Lukman da ni na koya mai hawa ba shi ce min in hau wohi. Tun da kinka karanta na san ɗaure yac ce, na kuma san ba goro na cikin buhun ga ba.” Na ce to don me bai faɗa ba. Ya ce: “In na hwaɗi, cewa za ki yi in jira buhu. Ni ko na san kaina. In na ƙara jiran kwana ukku, ba ni hawa har in mutu.” Sai ya yi dariya, dariyar ta kama masa haƙarƙari, ya yi ta zufa.

Na so in zage ka, Yaya, na ma shirya kalmomin tun a mota. Amma na ɗauko 'yar takardarka na sake dubawa. Ba ƙugiya ko ɗaya a cikinta, ka rubuta bata, ka rubuta hakuri, ka rubuta kofa, duk na karanta su daidai ban ko tsaya ba. Kalma ɗaya ce tak na karanta yadda ta zo, don ita nake so in ji. Ni da na yi maka tsiyar kaya da ƙaya. Maganar rijiya ce ta cika mini kunne, na kusa sayar da mijina don in rufe bakin wata. Wannan nawa ne, kada ka ɗauka duka ka ɗora wa kanka. Ka koma bakin aikinka.

Buhun ya iso ran Lahadi, wayar ma haka, da saƙonka mai daure biyu. Ya sa an kawo masa buhun nan gadon asibiti. Ya hana kowa taɓawa. Yana kwance yana murɗa ƙugiyar, ya kulle ya buɗe, ya kulle ya buɗe, har na gefensa ya yi ƙorafi. Shafukan nan huɗu na karanta masa su sau biyar, a hankali, in na zo kalmar da nake shakka sai in faɗe ta iri biyu ya zaɓa.

Ba a gama ba. Kututturen reshen na nan a sama, tsawon mutum, a tsage, kuma sai an sauke shi kafin yara su koma aji. Mai inji ya sake zuwa, Malam Abdulrahman ya ce masa an gode, akwai mai aikin. Na ce wa maigidan ya bari haka, ya riga ya nuna wa kowa. Ya ce ba don kowa zai hau ba. Ya ce ka nemi hutu ka zo in ya warke, ka tsaya a ƙasa ka duba masa ƙugiya da yatsanka, wai yanzu shi ne ɗalibi. Ya kuma ce ni zan riƙe igiyar reshe tare da maza, tunda ni na fi kowa son a hau.

Ka zo, don Allah. Ban san yadda zan tsaya a gindin maɗacin nan in sake ɗaga kai ba. Shi dai zai ɗaure, ka ga na sa masa ƙugiyarsa. Ni ce zan daure.

Ƙanwarka,
Gudiya